A duba lafiyar mota, a bar zancen shekarunta

A cikin mako guda aka yi wa motata kallo iri biyu, kuma tun daga lokacin maganar ta ƙi barin raina.

Ranar Lahadi da safe na ɗauki autana zuwa makaranta. Saura kwanar titi ɗaya mu isa ƙofa sai ya ce, "Baba, sauke ni a nan, zan ƙarasa da ƙafa." Na tambaye shi ko akwai abin da zai saya a baƙala, wato kantin unguwa, ya ce babu, ya sunkuyar da kai yana murza igiyar jakarsa. Ban matsa masa ba, ni ma na taɓa zama yaro. Ranar Alhamis da daddare kuma ina tsaye a danja a titin Falasɗinu a nan Jidda, wani saurayi Balarabe cikin danƙareriyar Land Cruiser ya sauke gilashi ya ɗaga mini babban yatsa, ya ce, "Ya ammi, ta sayarwa ce?" Na ce masa a'a. Ya ce in faɗi kuɗi kawai. Danja ta ba da hannu, na ja abata na wuce, shi kuma ya biyo ni har kwanar titi ta biyu yana ɗaukar ta a waya.

Motar dai guda ce, Marsandi 230E ƙirar 1984, ruwan madara, mai kujerun yadi shuɗi. Na saye ta a 2008 a hannun wani dattijo a Makka wanda shi ya ɓare ta a leda, kuma da yake miƙa mini makulli sai da ya sa na yi masa alkawarin ba zan yi haya da ita ba. Ambaliyar Jidda ta watan Nuwamba 2009, wadda ta jibge motoci kan juna a Ƙuwaiza kamar an zubar da gwangwanaye, ta same ta a Makka ne, don ranar muna can hidimar alhazai. Ita nake hawa zuwa aiki kullum, ita ke kai mu Madina, ita ta kawo amaryar ƙanena gida. Yaron da ke jin kunyarta da saurayin da ke kwaɗayinta ba su taɓa tambayar ko birkinta na kamawa ba. Shekarunta kawai suka gani, ɗaya ya karanta talauci, ɗaya ya karanta ado.

To wannan karatun ne nake tsoron ya zama doka wata rana. A majalisarmu ta bayan isha'i an sha cewa ya kamata a kwashe duk wata tsohuwar mota daga titi, wai ƙasa ta ci gaba, ga kamfanin Lucid ya buɗe wurin haɗa motocin lantarki kusa da Rabig tun 2023, ga Ceer, kamfanin motocin lantarki na Saudiyya, na tafe, me ake da gwangwani mai hayaƙi? Masu faɗin haka ba mugaye ba ne, wasu ma sun taɓa makalewa a bayan wata akwalar da ta mace a tsakiyar gada da tsakar rana. Amma dai na ga yadda irin wannan magana take ƙarewa a wasu wurare. A Landan, tun 2019 suka kafa yankin da duk motar da hayaƙinta bai cika sharaɗi ba sai ta biya fam 12.50 a kowace rana, a 2023 kuma suka faɗaɗa shi ya game birnin. Motar fetur ta shekarun 1990, wadda lebura ko mai gadi ke lallaɓawa, tana biya. Motar da ta haura shekara 40 aka yi mata rajistar kayan tarihi kuwa an yafe mata. Wato wadda ake hawa don neman abinci ita ce ƙazanta, wadda ake fitowa da ita yawon shan iska ita ce gado. A nan Saudiyya ma an ɗan kama hanyar: dokar kwastan ta hana shigo da motar hannu da ta wuce shekara 5, sai fa in ta kai 30, a shigo da ita da sunan kayan tarihi. Tsakanin 5 da 30 ɗin nan kuwa a nan talaka yake zaune.

Ra'ayina bai da wuyar faɗi. Akwai fahas, binciken da ake yi wa mota kowace shekara. A tsananta shi yadda ake so. A ɗora ta a kan na'ura a gwada birki, a zura mata abin awon hayaƙi a salansa, a leƙa ƙarƙashinta a ga ko tsatsa ta ci ƙashin bayanta. In ta faɗi a hana ta titi, ko da bara aka ƙera ta. In ta ci a bar mai ita ya sarara, ko da ta girmi mai binciken. Tawa tana shiga layi da motocin da ba su kai rabin rabin shekarunta ba, kuma na sha ganin an dawo da su an sallame ni.

Kada a ce ina yabon kaina ne ko ina yabon Jamusawa. Gaskiya ne an ƙera wannan samfurin, wanda suke kira W123, da ƙarfe mai kauri da kuma niyyar ya daɗe. Daga 1976 zuwa farkon 1986 sun fitar da kusan miliyan 2.7, har yau kuma da wuya ka je ƙasar da ba za ka ga ɗaya tana tafiya ba. Ana yawan ba da labarin direban tasi na Girka, Gregorios Sachinidis, wanda ya yi kilomita miliyan 4.6 da wata 240D ƙirar 1976, yayar irin tawa, har kamfanin ya karɓe ta a 2004 ya ajiye a gidan tarihinsa na Stuttgart. Abin da masu ba da labarin suke tsallakewa shi ne sau nawa mutumin nan ya sauke inji aka gyara aka mayar. Ƙarfe ba ya yin miliyan huɗu shi kaɗai. Akwai hannun da ya yi ta shiga cikinsa shekara da shekaru. Wannan hannun shi ne abin da ya fi damuna a duk zancen, don shi ne yake ƙarewa a Jidda, tun kafin motocin su ƙare.

Bari in ba da misali da abin da ya same ni shekara uku da suka wuce. Motar ta ɗauko wata ɗabi'a: da safe bugu ɗaya take tashi, amma in na yi tafiya ta yi zafi, na kashe na shiga masallaci na fito, sai ta yi ta gurnani ta ƙi kamawa, har batir ya fara sanyi. Na kai ta wata babbar warsha, wato garejin gyara, mai tayil da esi da wurin shan gahawa. Wani yaro mai tsaftatacciyar riga ya fito da kwamfuta a hannu, ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari yana lalube. Ya daɗe yana lalube. Can ya ɗago ya ce, "Ammi, ina wurin jona na'ura?" Na ce masa ai lokacin da aka ƙera ta ba a san wannan ba. Ya kira babbansu, suka yi shawara, suka dawo da hukunci: a cire injin gaba ɗaya a sa mata na Japan daga tashlih, inda ake warware matattun motoci a sayar da kayansu. Ban ga laifin yaron ba. Abin da aka koya masa ke nan, na'ura ta faɗi lamba, ya duba lambar, ya cire abin da ta nuna ya sa sabo. Ranar da na'ura ta yi shiru shi ma sai ya yi shiru.

Daga nan na nufi wurin Mu'allim. Haka kowa ke kiransa, ni kuwa Kawu nake ce masa, don Bahaushen Sudan ne, mutumin Mai Wurno da ke gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Hausarsa irin ta kakanni ce, da Larabci a barbaɗe. Ya koyi aiki tun yana yaro a Wad Madani a kan manyan motocin Bedford, waɗanda maƙeran Sudan suke warwarewa su ƙara musu ƙarfe da tsawo har su ɗauki kayan da Turawan Ingila da suka ƙera su ba su taɓa mafarki ba. Sifinja suke ce musu. Wanda ya tashi a irin wannan makaranta ba ya tsoron buɗe komai.

Bai taɓa motar ba sai da ya gama yi mini tambayoyi kamar likita. Minti nawa take yi a kashe kafin ta ƙi tashi? In ta kwana fa? Ina jin warin mai? In ta kama daga baya, tana kakkarwa na ɗan lokaci sannan ta daidaita? Na ce ƙwarai kuwa. Ya ce, "To ɗana, injinka lafiya lau. Mai ne ke gudu ya bar layi." Ya ɗauko wani tsohon agogon awon matsin mai a cikin gwangwanin madara, ya jona shi a kan abin raba mai da ke saman injin, ya ce in tayar in kashe. Muka tsaya muna kallon allura. Maimakon ta tsaya ta riƙe, sai ta yi ta sulalewa ƙasa, kafin mu shanye shayi ta kwanta. Ya yi mini bayani cewa irin wannan inji ba kafireta gare shi ba, tsarin Bosch ne da ake kira K-Jetronic, mai fesa mai da ƙarfin matsi ba tare da kwamfuta ba. In ka kashe mota dole matsin ya zauna a cikin bututu na wani lokaci, in ba haka ba zafin inji ya dafa man da ya rage ya zama tururi, famfo kuma ya yi ta tura iska. Abin da ke riƙe matsin wani ɗan gwangwani ne a ƙarƙashin mota ta baya, kusa da famfon mai, da roba da sifirin a cikinsa. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi, mutumin da ya haura saba'in, ya cire ɗan bututun da ke bayan gwangwanin, mai ya ɗigo masa a hannu. Ya miƙo mini hannun in sansana. Robar ciki ce ta yage. Abin bai fi gwangwanin tumatir girma ba, kuma shi aka so a cire mini inji a kansa.

Na biya kuɗin gwangwanin, na biya Kawu abin da ya yanka, na ƙara masa ya mayar mini da ƙarin. A ranar na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba: babu yaro ko ɗaya a wurinsa. Shi ke ɗauko safana, shi ke riƙe fitila. Da can yana da warsharsa a kudancin Jidda da yara huɗu. Rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021, wanda ya tashi unguwanni irin su Sabil da Gulel da Karantina inda da yawanmu muka girma, ya haɗa da layinsu. Yanzu a kusurwar warshar wani yake raɓe a sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, da akwatin kayan aikinsa da kujerar roba. Ya so ya koma gida, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu 2023 ya tare hanya.

Na tambaye shi ina yaran. Ya ce, "Wa zai ba ni ɗansa? Kowa so yake ɗansa ya riƙe waya."

A nan ne maganar ta dawo kanmu, mu Hausawan da ke zaune a ƙasar nan, kuma a nan zan ɗan yi zafi. Mun san halin da muke ciki. Ayyukan ofis da na kanti da yawa an keɓe su ga 'yan ƙasa, wanda ba shi da jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, sai ya yi ta rakuɓe. Kuɗin da ake biya wa iyali a kan iƙama ya fara da riyal 100 a wata a 2017, ya kai 400 a kan kowane mutum a 2020, kuma mun raka gidaje da yawa filin jirgi saboda shi. Yaron da aka haifa a Sharar Mansur ko a Hindawiyya, bai taɓa ganin damina ba, sai ka ji an sauke shi a Kano ko Damagaram da jaka ɗaya da Larabci mai daɗi. Me zai ci da shi? Da a ce ya yi shekara biyar a gaban mutum irin Kawu, ranar da ya sauka zai nufi Ƙofar Ruwa ko Fantekar Kaduna, kafin sati ya samu inda zai shimfiɗa kwalinsa. Can tsofaffin motocin Turai ba abin ado ba ne, su ne motocin. Sana'ar hannu ba ta neman kafili, ba a kuma karɓe ta a filin jirgi. Amma mun mai da baƙin mai a riga abin kunya. Uba ya gwammace ɗansa ya ci bashin banki ko na dangi ya ɗauko sabuwar mota yana kai wa mutane abinci gida-gida, shekara biyar yana biya, ranar da ya gama biya motar ta gama mutuwa. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Kuma abin haushin, kasuwar tana nan tana jira. Saurayin da ya bi ni da waya ba shi kaɗai ba ne. Duk wanda ke leƙa Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, ya ga yadda kuɗin tsofaffin Marsandi masu tsafta ya tashi, musamman manyan nan na shekarun 1980 da kuma wadda Larabawa ke kira Shabah, ƙirar 1991 zuwa sama. Masu kuɗi suna saye, suna fenti, suna jera su a wuraren baje koli da sanyin hunturu. Amma in ta ƙi tashi wa zai duba? Shabah da 'yan uwanta na farkon shekarun 1990 suna da wata cuta sananniya: robar da aka naɗe wayoyin inji da ita tana ruɓewa da zafi, ta rugurguje kamar busasshen ganye, wayoyi su haɗu. Gyaranta sai mai haƙurin zama ya bi waya ɗaya bayan ɗaya. Masu wannan haƙurin a Jidda ana iya ƙirga su da yatsu, yawancinsu kuma furfura ta gama cin kansu, daga Basudane sai Bashame sai Bapakistane. In sun tafi, motocin da ake ta yi wa hoto za su koma kujerun zama.

Ba zan ɓoye abin da ke kan tsohuwar mota ba, don masu sha'awa irina mun iya ƙarya, musamman a gaban matanmu. Tana shan mai. A lissafina, in esi na aiki a cikin gari, ba ta kasa lita 12 zuwa 13 a kilomita 100. Lokacin da litar fetur mai lamba 91 take halala 45, ƙasa da rabin riyal, ba wanda ya damu, yanzu da take riyal 2.18 ana ji a aljihu. Esin ma da iskar R12 aka yi shi, wadda duniya ta daina saboda illarta ga sararin sama, sai da aka juya shi zuwa R134a, kuma a watan Agusta in an tsaya a cunkoso sanyinsa na lallashi ne kawai. Iskar Bahar Maliya mai gishiri tana cin ƙarfe ta ƙarƙashin batir da gindin ƙofofi da wurin sa jak. Motar Riyad ba ta tsatsa, ita kuma rana ce ke farfasa mata roba da allon gaba. Makullin ƙofofinta da zuƙar iska yake aiki, ta wasu siraran bututu da suka ratsa ko'ina, ɗaya ya tsage sai ka kulle ƙofar direba sauran uku su yi maka kunnen ƙashi. Uwargida ta taɓa ce mini, "Maigida, da kishiya ka yi mini da na san a ɗaki ɗaya take, wannan kuwa kullum tana ƙofar gida da baki buɗe." Na yi dariya, amma ranar ban ce komai ba, don da gaskiyarta.

Babbar magana ita ce ta hatsari. Injiniyan Marsandi, Béla Barényi, shi ya fito da dabarar gaba da bayan mota su lanƙwashe su shanye duka tun farkon shekarun 1950, kuma samfurin tawa ya samu birkin ABS daga 1980 da jakar iska daga 1982, amma ga wanda ya biya ƙari. Dattijon da ya sayi tawa bai biya ba. Ƙaramar motar Koriya ta bana ta fi ta kare rai nesa ba kusa ba, duk da mutanenmu suna ƙwanƙwasa bodi su ce wannan ƙarfe ne, waccan takarda. Takardar ce ke mutuwa ta bar ka da rai. Saboda haka ba na gudu da ita, ba na hawa hanyar Hada zuwa Ɗa'if da iyali sai na duba birki da lagireto da idona, kuma ban ga laifin hukuma ba da ta hana tsofaffin motoci ɗaukar fasinja. Maroko ta yi haka tun wajen 2014, ta ba direbobin manyan tasi tallafi suka miƙa tsofaffin Marsandinsu, samfurin tawa, suka karɓi sababbi kamar Dacia Lodgy da ake haɗawa a Tanja a lokacin. Motar da ake cusa wa fasinja shida tana hawan dutse daga asuba zuwa dare, ran mutane ne a ciki waɗanda ba su zaɓe ta ba. Wannan daban, mutum da motar gidansa da yake kula da ita daban.

Haka nan ba na kare masu ajiye gawa a ƙofar gida. Kowace unguwa akwai su: mota ta shekara uku a kan duwatsu, tayoyi sun sace, kyanwoyi sun haihu a ciki, mai ita kullum cewa yake "ana nan ana shiri". Wannan ba sha'awa ba ce, cin hanyar maƙwabta ne. A ɗauke. Roƙona guda ne, kafin a matse ta a injin a sayar da kilo, a bari masu nema su cire abin da zai yi amfani. A shekarun da nake zirga-zirga a tashlihin Biriman na ga abin takaici: Fijo 504 mai lafiyayyen gilashi da fitilu an ɗora mata wata motar a ka, rufin ya lotse. Wani kawuna ya yi shekara ashirin yana jigila tsakanin Kano da Jos da irinta, ta kamfanin Kaduna da aka buɗe a 1975, kuma na san a can fitilar nan kaɗai za a yi ciniki a kanta da rantse-rantse. A nan kuwa nauyinta kawai aka auna. Hannun ƙofa, agogon gaba, murfin taya mai launin jikin mota, irin waɗannan ba a ƙera su kuma, in an narke sun tafi ke nan.

Jamus ta fito da wata hanya tun 1997: motar da ta kai shekara 30, tana cikin kyakkyawan hali kuma ba a sauya mata kama ba, ana ba ta lamba mai harafin H a ƙarshe, da haraji guda na shekara. Abokaina masu sha'awa suna ta fatan a kawo irin wannan nan. Ni ba na ƙi ba, amma ba shi ne gabana ba, don lambar girmamawa tana zuwa ne bayan mota ta riga ta tsira. Wa ya riƙe ta tana shekara 15, tana 20, lokacin da ba ta da sabunta ba ta kuma da tarihi, kowa na ce mata gwangwani? Malamin makaranta ne, da direba, da mai gadi, da bakaniken da ya yarda ya ɗinke maimakon ya canza. In aka kore su daga titi da dokar shekaru, nan da shekara 30 ba za a samu abin liƙa wa lambar ba, sai abin da attajirai suka ɓoye a gareji tun yana sabo.

Akwai kuma gyaran da nake roƙon 'yan uwana masu sha'awa su daina, gyaran gangar Auzinawa. Mutum ya samu mota da fentinta na asali, ɗan dusashewa kawai ta yi, sai ya kai a shafe ta da foti mai kaurin yatsa a fesa mata ja mai walƙiya, a sa mata manyan tayoyi da fitilu masu shuɗin haske, ƙarƙashi kuwa bututun birki ya shekara 40 ba a taɓa shi ba. Kawu yana da tsari da ya dasa mini: a fara da abin da ke tsayar da mota, sannan abin da ke juya ta, sannan abin da ke sanyaya inji, sannan injin. Fenti shi ne na ƙarshe, in kuɗi ya rage. Tawa har yau akwai tabo a ƙofar baya ta hagu inda keken wani yaro ya goge ta a Misfala, kuma ba ni da niyyar rufe shi bana.

Watan jiya na koma wurin Kawu saboda ƙofar nan ta baya ta daina kulluwa. Na tarar idonsa ya ƙara rauni, sai ya kai abu dab da hanci yake gane lambar safana. Ya ce 'yarsa da ke Kasala ta matsa ya dawo, in Allah ya kai mu bayan Hajji zai tafi. Ya jawo gwangwanin madarar nan ya miƙo mini, da agogon awon mai da bututansa a naɗe cikin tsumma. Na ce, "Kawu, ai ban iya karanta shi ba." Ya ce, "Ka zo ranar Asabar da yaron nan naka, mai ido. Kai ka riƙe fitila."

Na gaya wa autan a hanyar makaranta. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, tambaya ɗaya ya yi, ko akwai esi a wurin. Na ce babu. Da muka zo kwanar da ya saba sauka na rage gudu, ya buɗe ƙofa ya fita, ya rufe, ƙofar ta ƙi kamawa, sai da ya sake bugawa da ƙarfi har abokansa suka waiwayo.